Daƙiƙa Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyun dare a unguwar Zariya,
wuta ta dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Ni da allon na'ura muna kallon-kallo
kamar masu tsohon bashi a tsakani.
Sana'ata yanka, amma ba irin na mahauta ba:
lokaci nake yankawa, in ɗinke shi
yadda ido ba zai ga zare ba.

Fim ɗin Cima ne, na farinta.
Gonar gado ta sayar, can hanyar Tibiri,
ta yi hayar kyamara kwana goma sha tara.
Labarin bai cika tafin hannu ba:
uba na jiran ɗan da ya haye Agadas ya yi arewa,
ran nan sai ga jaka ta dawo, ba mai jaka.

Ba ta nemi gwanin wasa ba.
Nomau ta ɗauko, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa,
wanda rabonsa da sinima tun yana da baƙin gemu.

A takarda an rubuta: ya buɗe jaka, ya fashe da kuka.
Sau bakwai aka ɗauka, sau bakwai ido ya ƙi.
Aka kawo albasa, ya ce shi ba miya ba ne.
Rana na sulalewa bayan dogon yaro,
mai haske na cizon yatsa,
Cima ta ce: Baba, yi abin da ka ga dama.

Ga ta nan gabana, ɗauka ta takwas.
Ya zuge jaka. Ya fiddo wata shuɗiyar riga.
Bai shinshina ba, bai rungume ba.
Ya dubi wuyanta, ya ga maɓalli ɗaya na reto,
sai ya shiga laluben aljihu,
yana neman allura.

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ba magana, ba goge, ba sarewa.
Can nesa ɗan kabu-kabu ya wuce yana danna oda,
wata akuya ta ratsa hoto ba da izinin kowa ba,
hannun tsoho kuwa na ta neman abin da babu.

Alhajin da ya cike mana giɓi ya ce a rage.
Mutanen yanzu, in ji shi, babban yatsa ke yi musu kallo,
ka yi shiru na daƙiƙa uku, sun shafe ka sun wuce.
A sa kiɗa. A sa hawaye, ko na kwalba ne.

Na gwada, ban ƙi ba.
Na yanke shida na bar biyar,
sai ya koma tsoho mai neman canjin dala.
Na sa kiɗa, sai kiɗan ya ƙwace makokin,
Nomau ya zama ɗan rakiya.
Na goge akuya, sai farfajiyar ta mutu,
ashe baƙin ciki ba ya jiran a share masa wuri,
ana tsakar ciniki yake sallama.

Sai gab da asuba na lura:
a daƙiƙa ta tara, ƙasa, wajen hagu,
ɗan ƙaramin yatsansa na rawa shi kaɗai,
kamar allurar rediyo
da ta kusa kama tasha, ta kasa.

Ban tambayi Cima don me shi ta zaɓa ba.
Ban tambayi Nomau jakar wa ya taɓa buɗewa ba.
A Maradi mun san tukunyar da ake bari a rufe.

Ladan ya yi gyaran murya a lasifika.
Na ajiye wuƙata.
Goma sha ɗaya suka shigo,
goma sha ɗaya za su fita,
har da odar, har da akuyar.
In Alhaji ya hasala, ya san ƙofar ɗakina.

Wuta ta sake ɗaukewa, allo ya yi baƙi,
amma na riga na adana.
Na zauna cikin duhu, fanka na ƙarasa juyinta,
sai na tsinci hannuna a wuyan rigata
yana ƙirga maɓallai.